Dashe ko toho: yadda aikin itatuwa ya ɗore a Maradi

Duk ƙungiyar da ta tara 'yan kuɗi don yi wa gari aiki, ko ta tsofaffin ɗalibai ce, ko ta matasan unguwa, ko masu yi wa ƙasa hidima, sai ta zauna a kan tambaya guda: wane aiki za a yi? Sau da yawa ana zaɓen wanda za a iya nunawa ranar buki, a gayyato hakimi, a ɗauki hoto, a kafa allo da sunan ƙungiya. Wanda zai ci gaba da kula da aikin bayan shekara uku, da dalilin da zai sa ya kula da shi, ba a cika kawo maganarsu a zaman ba. Abin da ya faru a jihar Maradi ta Jamhuriyar Nijar tun daga farkon shekarun 1980 ya cancanci a yi masa duban tsanaki, domin a can an gwada ayyuka biyu a ƙasa ɗaya, da mutane ɗaya, da manufa ɗaya. Na farkon, wato dashen itatuwa, ya ci kuɗi ya mutu. Na biyun, wato renon tohon kututturen da ke gona, wanda kusan ba ya cin komai, yana nan yana yaɗuwa har yau.

Halin da ake ciki

Kafin fari na farkon shekarun 1970, gonakin Maradi sun riga sun fara yin fayau. Noman gyaɗa da Turawan Faransa suka ƙarfafa ya sa an share daji mai yawa, jama'a sun ƙaru, gonar da a da ake bari ta huta shekaru ta koma ana nomanta kowace damina. Malaman gona kuma sun daɗe suna koya wa mutane cewa gona mai kyau ita ce wadda aka share tas, don garmar shanu ta wuce ba cikas. Manomin da ya bar sabara ko kalgo a gonarsa, rago ake ce masa. Kowace bazara a yi sassabe, a tara, a cinna wuta.

Da fari ya zo, sai abin ya fito fili. Iska ta samu fili ba mai tare ta. Gero ya tsiro, rairayi ya binne shi ko ya yanke shi, manomi ya sake shuka, wani lokaci sau uku ko huɗu a damina ɗaya, har irin ya ƙare. Mata suna yin tafiyar sa'o'i neman itacen girki, waɗanda suka rasa su koma ƙona kara da kashin shanu, wato abin da ya kamata ya zama takin gona.

Maganin da kowa ya gani a lokacin shi ne dashe. Gwamnatin Seyni Kountché ta mai da ranar 3 ga Agusta, ranar samun 'yancin kai, ta zama ranar dashen itatuwa. Ƙungiyoyin agaji na ƙasashen waje sun zuba kuɗi wajen kafa wuraren renon dashe, da sayen waya ta shinge, da motocin ɗauko ruwa. Ana reno darbejiya da turare da wasu itatuwan da aka kawo daga waje a cikin leda, a kai ƙauyuka, a ware fili a ce wannan dajin gari ne. A watan Mayu na 1984 ma an yi babban taron ƙasa a birnin Maradi a kan yaƙi da kwararowar hamada, abin da ke nuna cewa ba wasa hukuma ta ɗauki lamarin ba.

Mafi yawan abin da aka dasa bai rayu ba. Dashen da aka fitar daga leda jijiyarsa gajera ce, kuma da damina ta ɗauke sai ya fuskanci wata takwas ba ɗigon ruwa. Wanda ya tsira daga rani, akuya ta cinye. Wanda ya tsira daga akuya, gara ta gama da shi. Lokacin dashe kuma shi ne lokacin noman farko, sa'ad da kowane hannu a gida ake bukatarsa a gona. Sannan ga babbar matsalar da ba a cika rubutawa a rahoto ba: dajin gari ba na kowa ba ne. Wanda ya ɗebo ruwa daga rijiya mai gaba da yawa ya ba shi, bai san ko shi zai mori itacen ba.

Abin da ke ƙarƙashin ƙasa

Tony Rinaudo, ɗan ƙasar Ostareliya da ya karanta aikin gona, ya iso Nijar a 1981 a ƙarƙashin ƙungiyar mishan ta SIM, aka ɗora shi a kan irin wannan aiki na dashe a kewayen Maradi. Ya yi shekara biyu yana kai dubban dashe ƙauyuka, yana kallon yawancinsu suna mutuwa. A 1983, a kan hanyarsa ta kai wani kaya, ya tsaya rage iskar taya don motar ta iya ratsa rairayi. A nan ya lura da wani ɗan kurmi a gefen hanya, irin wanda ya sha wucewa yana ɗauka ciyawa ce. Da ya duba ganyen sai ya gane itace ne: an sare shi tun da daɗewa, amma kututturen yana da rai, yana fitar da toho kowace shekara, kowace shekara kuma ana sassabe shi.

Irin waɗannan kututture suna nan birjik a gonaki. Jijiyoyinsu sun riga sun nutse sun kai ga danshi, sun saba da ƙasar, ba sa bukatar a ba su ruwa. Abin da ake bukata shi ne manomi ya zaɓi kututturen da yake so, ya bar toho mafi ƙarfi, daga ɗaya zuwa biyar, ya datse sauran, ya rage rassan ƙasa, ya kare shi daga wuta da dabbobi na ɗan lokaci. Duk abincin da jijiyar ke rabawa toho talatin sai ya koma kan 'yan kaɗan, su miƙe da sauri. Cikin shekara biyu zuwa uku an samu sanda, an samu itacen girki. Kayan aikin kuwa adda ce ko gatari ko lauje, abin da ke rataye a kowane gida. Manoman yankin suna kiran wannan sassabin zamani.

Ya kamata a faɗi gaskiya a nan: dabarar ba sabuwa ba ce. Manoman ƙasar Hausa sun daɗe suna barin gawo da kuka da ɗorawa a gona, kuma sun san cewa sabara tana tohowa. Abin da Rinaudo ya yi shi ne ya daina kallon matsalar a matsayin rashin itatuwa, ya koma tambayar me ke hana waɗanda suke nan girma. Amsar ba ta cikin ƙasa ko ruwan sama. Tana cikin al'adar share gona, da kuma doka.

Shekarar yunwa, da sakamakon da ya yi kama da faɗuwa

Ya fara da manoma kimanin goma a ƙauyuka dabam-dabam. Maƙwabta suka yi musu dariya, wasu kuma suka riƙa zuwa da dare suna sare abin da suka reno, don itace ya yi tsada kuma ba wanda ya yarda cewa itacen gona yana da mai shi. Da a nan aka tsaya, da labarin ya ƙare.

Sai ga farin 1984 da yunwar da ta biyo baya, wadda mutane da yawa a yankin ke kira El-Buhari saboda ta zo daidai da rufe iyakar Najeriya da gwamnatin soja ta Janar Buhari ta yi. Shirin SIM na Maradi ya shiga rabon abinci, ya kuma ɗaura shi da aiki: wanda zai karɓi hatsi sai ya bar itatuwa a gonarsa, kimanin 40 a kowace hekta. A ƙauyuka kusan 100 aka yi haka, aka reno itatuwa wajen 500,000. Da aka samu damina mai kyau, rabon abinci ya tsaya, kimanin kashi biyu cikin uku na itatuwan nan aka sare su.

Wannan wurin ne ya fi dacewa masu zaɓen aiki su tsaya su yi tunani. Idan da ma'aunin da aka saba ake aunawa, wato nawa aka yi, nawa suka rage, to aikin ya faɗi. Kuma lallai ya tabbatar da cewa abin da mutum ya yi don buhun hatsi, ranar da buhun ya ƙare shi ma ya ƙare. Kayan aro ba ya rufe katara. Amma kashi ɗayan da ya rage ya bambanta da duk wani dashe da ya taɓa rayuwa a yankin, domin ba wanda ke biyan masu shi. Sun bar itatuwan ne saboda sun ga abin da ya faru a gonakinsu. Geron bai ragu ba kamar yadda suka ji tsoro. Iska ta rage ƙarfi, ba a sake shuka sau uku ba. Ganyen da ya zuba ya zama taki, dabbobin da suka fake a inuwa da rani sun bar kashi. Uwargida ta samu itace a bakin gona. Su ma waɗanda suka sare nasu sun samu itacen sayarwa, kuma kututturen bai mutu ba, ya sake tohowa, da yawa daga cikinsu suka dawo kan aikin da kansu.

A ganina, rabon abincin ya yi amfani ta hanyar da ba ita aka fi sa rai da ita ba. Ya sa dubban mutane sun gwada abu guda a lokaci guda, har kunyar barin gona da itatuwa ta gushe, ba a iya nuna mutum ɗaya da yatsa a ce ga rago. Tallafi yana iya buɗe ƙofa irin wannan. Abin da ba zai iya ba shi ne ya zama dalilin da zai riƙe mutum a cikin aikin.

Itacen na wane ne?

Tun dokar daji ta zamanin Faransa ta 1935, da wadda ta gaje ta a 1974, itatuwa masu daraja a hannun hukuma suke, ko da a tsakiyar gonar gado suka tsiro. Manomin da ya sare reshen gawo ba da takarda ba, malamin daji yana iya cin sa tara. Sakamakon haka kuwa kowa ya san shi: mutum ya ga ƙaramin gawo ya tsiro, sai ya tumɓuke shi tun ba wanda ya gani, don kada ya girma ya jawo masa masifa. Dokar da aka yi don kare itatuwa ita ce ta sa manomi yake ganin itace abokin gaba.

Shirin Maradi ya nemi hukumar daji ta jihar ta sassauta, ta bar wanda ya reno itace ya amfana da shi ba tare da tsoron tara ba, kuma aka amince. Bayan haka abubuwa suka sauya a ƙasar baki ɗaya. Kuɗin yuraniyom, ma'adinin da gwamnati ta dogara da shi, ya faɗi, Kountché ya rasu a 1987, an yi taron ƙasa na 1991, ƙarfin ma'aikatan daji a ƙauyuka ya ragu sosai. Dokar karkara ta 1993 da dokar daji ta 2004 suka ƙara matsar da haƙƙi zuwa ga mai gona, sannan a 2020 gwamnati ta fitar da doka ta musamman a kan renon toho, wadda ta amince cewa mai renon yana da haƙƙi a kan abin da ya reno. A aikace manoma sun riga doka isa wurin da shekaru masu yawa.

Sassaucin hukuma kaɗai bai hana ɓarawon dare ba. A nan ne ƙauyen Ɗan Saga da ke gundumar Aguié ya yi suna. Da taimakon wani shiri na asusun bunƙasa noma na IFAD da masu bincike na INRAN, cibiyar binciken aikin gona ta Nijar, mutanen garin suka kafa kwamitin sa ido, suka rubuta ƙa'idojinsu, suka sa tara ga wanda ya sari itacen wani. Abin da ya fi burge ni shi ne waɗanda aka sa a cikin kwamitin: akwai mata, waɗanda su ne masu neman itace, akwai kuma Fulani makiyaya, waɗanda su ake zargi da sassaƙe rassa don dabbobi. Da an bar su a waje, da ƙa'idar ta zama ta wasu a kan wasu, kuma da ba ta kai ko'ina ba. Daga baya har kasuwar itace aka kafa a yankin, don manomi ya sayar da abin da ya rage masa ba sai ya bi ta hannun 'yan baranda ba.

Abin da aka samu

An ɗauki kusan shekara 20 duniya ba ta san girman abin ba, saboda ba wata hukuma da ke ƙirga shi. Manomi ne ke gani wurin manomi, a hanyar kasuwa, a wurin buki, a bakin 'yan ci-rani, wani lokaci a rediyo. Sai a tsakiyar shekarun 2000 masu bincike irin su Chris Reij ɗan Holan, da Mahamane Larwanou ɗan Nijar, da Gray Tappan na hukumar binciken ƙasa ta Amurka, suka kwatanta tsofaffin hotunan sama da sababbin hotunan tauraron ɗan'adam, suka kuma bi ƙauyuka da ƙafa. Ƙiyasinsu shi ne an farfaɗo da gonaki kimanin hekta miliyan 5 a kudancin Nijar, da itatuwa wajen miliyan 200. Sun kuma ƙiyasta ƙarin hatsi na kusan tan 500,000 a shekara, abin da zai ciyar da mutum miliyan 2.5. Lissafin hatsin ƙiyasi ne, kuma amfanin gona ya bambanta daga wuri zuwa wuri da irin itacen da aka bari, amma yawan itatuwan ana ganinsa a hoto. A matsalar abinci ta 2005, gidajen da ke da itatuwa sun samu abin sayarwa, itace da ganye da 'ya'yan gawo, suka sayi hatsi, wasu ba su kai ga sayar da dabbobinsu ba. A 2018 aka ba Rinaudo lambar yabo ta Right Livelihood, a shekara ɗaya da Yacouba Sawadogo, manomin Burkina Faso da ya farfaɗo da dabarar zai, wato haƙa ƙananan ramuka a gona a zuba taki don su riƙe ruwa.

Ba daidai ba ne a jingina wannan duka ga mutum ɗaya ko shiri ɗaya. A jihar Damagaram, a yankunan Magarya da Matamaye da Mirya, gawo ya cika gonaki ne galibi da himmar manoma da kansu, a wuraren da jama'a suka yi yawa har ba sauran saurar da za a bari ta huta. Gawo yana zubar da ganye da damina, don haka ba ya tare wa gero rana, ya kuma yi ganye da 'ya'ya da rani lokacin da dabbobi ke cikin wahala. Mutanen can sun san darajarsa tun zamanin Sarkin Damagaram Tanimu, wanda ake ba da labarin tsananin hukuncinsa a kan mai sare gawo. Ruwan sama ma ya ɗan farfaɗo bayan shekarun 1980, kuma ya taimaka. Sai dai ruwa bai san iyaka ba, amma hotunan da Tappan ya nazarta sun nuna wurare da yawa inda gonakin ɓangaren Nijar suka fi na ɓangaren Najeriya itatuwa, alhali ƙasa ɗaya ce, jama'a ɗaya, damina ɗaya.

Haka kuma ba kowane dashe ne ya mutu ba. A kwarin Majiya da ke jihar Tawa, ƙungiyar agaji ta CARE ta fara dasa layukan darbejiya masu tare iska a 1975, kuma sun rayu sun yi amfani. Amma can ruwa yana kusa da sama, an ɗauki masu gadi ana biyansu, an yi shekaru ana zuba kuɗi, kuma da itatuwan suka isa sara sai da aka zauna warware wa ke da su. Ƙungiyar gari mai ƙaramin asusu ba ta da wannan ƙarfin. Wurin da kututture suka mutu ƙurmus, ko harabar makaranta da ke da shinge da famfo da mai gadi, dashe ne hanya. Kuskuren shekarun 1970 shi ne an zaɓi aikin tun daga ofis, kafin a duba abin da ke cikin gonar da abin da mai gonar ke tsoro.

Ga mai zaɓen aiki a yau

Babbar ganuwar itatuwa da Tarayyar Afirka ta amince da ita a 2007 ta fara ne da irin wancan tunanin na farko: a dasa layin itatuwa mai tsawon kilomita wajen 8,000 daga Senegal zuwa Jibuti. Rahoton 2020 ya nuna an farfaɗo da kimanin hekta miliyan 4 ne kawai a cikin yankin ganuwar, daga miliyan 100 da ake buri. Masu shirin sun riga sun sauya salo, suna maganar farfaɗo da gonaki da makiyaya ta hanyoyi dabam-dabam, ciki har da renon toho. A arewacin Katsina da Jigawa da Yobe da Sakkwato kuwa, har yanzu bikin dashen watan Agusta ya fi yawa, kuma ƙananan ƙungiyoyi suna kwaikwayon abin da suka ga gwamnati na yi.

Ƙungiyar da ke da naira dubu ɗari biyar a Daura ko Maigatari tana iya sayen dashe ta raba a rana ɗaya. Tana kuma iya kashe kuɗin a kan abin da ba ya ɗaukar hoto: ta ɗauki manoma goma da mata biyar da wakilin makiyaya ta kai su ƙetaren iyaka su ga gonaki da idonsu su yi magana da masu su, sannan ta zaunar da dagaci da ardo da malamin daji na ƙaramar hukuma a yi yarjejeniya a rubuce cewa itacen da mutum ya reno nasa ne, kuma ga hukuncin wanda ya taɓa shi. Na biyun ya fi wuya a bayyana wa waɗanda suka ba da gudummawa, domin shekarar farko ba abin nunawa sai 'yan sanduna a gona. Shi ne kuma wanda ba ya bukatar ƙungiyar ta sake tara kuɗi baɗi. Irin wannan awon ya shafi rijiyar burtsatse da ajin yaƙi da jahilci da injin niƙa: shin kayan gyaransa suna cikin garin, shin wanda zai yi wahalar kula da shi shi ne zai fara cin amfaninsa, kuma shin akwai wata doka ko al'ada da za ta sa ya ji tsoron mallakarsa.

Ko a Maradi ba a gama warware komai ba. Sace itace bai ƙare ba, musamman kusa da manyan garuruwa inda buhun gawayi ke da kuɗi. Akwai wuraren da makiyaya masu wucewa ba sa cikin kowace yarjejeniya, kuma rikici yana tashi a kan sassaƙe rassa. Mafi wuya shi ne batun wanda ke noma gonar aro ko ta jingina, da mata da yawa da ke noma gayauna a filin miji. A al'ada, barin itace ya girma a gona alama ce ta mallaka, don haka mai gona yakan hana ɗan aro yin haka, shi ma ɗan aron ba ya son ya reno abin da za a karɓe tare da gonar. Waɗannan su ne mafi talauci a ƙauye, kuma su ne aikin ya fi jinkirin isa gare su.